Ranar Da Gwamna Ya Manta Kalmar Sirrinsa

Da misalin ƙarfe takwas da minti bakwai na safiyar Asabar, 13 ga Janairun 2018, wayoyin mutanen jihar Hawai ta Amurka suka ɗauki ƙara lokaci guda. Saƙo ne daga hukumar agajin gaggawa ta jihar, yana cewa makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka, kuma wannan ba atisaye ba ne. A lokacin ana tsaka da cacar baki tsakanin Amurka da Koriya ta Arewa, don haka babu wanda ya ɗauki abin da wasa. Iyaye suka kwashi 'ya'yansu suka ɓuya, ɗalibai suka bazama neman inda za su fake, wasu suka kira 'yan'uwa suna ban kwana. Ashe babu makami babu dalilinsa. Wani ma'aikaci ne ya ɗauki gwajin cikin gida a matsayin gaskiya, ya saki saƙon. Sai da aka shafe minti 38 kafin saƙon gyara ya iso wayoyin jama'a.

Gwamnan jihar, David Ige, ya sami labarin cewa kuskure ne cikin minti biyu kacal. To amma sai bayan kusan minti 17 da fitar saƙon ya sanar a shafinsa na Twitter cewa babu wani hari. Da 'yan jarida suka nemi jin dalilin jinkirin, ya amsa da bakinsa cewa bai san kalmar sirrin shafin nasa ba. Ana cikin wannan dambarwa kuma sai mutane suka tono wani hoto da kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauka a ofishin hukumar watanni kafin nan. A hoton, bayan wani jami'i, ga 'yar takarda manne a jikin allon kwamfuta, an rubuta kalmar sirri ɓaro-ɓaro. Hukumar ta ce kalmar ta wata tsohuwar manhaja ce, kuma ba ta da hannu a kuskuren ranar. Duk da haka duniya ta yi dariya har ta gaji.

Masu aikin tsaron bayanai suna da tarin irin waɗannan labarai, suna ba juna su a tarurruka, suna koyar da sababbin ma'aikata da su. Ina ganin sun yi dabara. Mutum kan manta doguwar lacca a kan kutse kafin ya kai gida, amma labarin da ya sa shi dariya yana nan a ransa shekara da shekaru.

A watan Afrilun 2015 masu kutse suka durƙusar da TV5Monde, gidan talabijin ɗin Faransa da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani sosai, har tashoshinsa suka ɗauke na sa'o'i. Washegari wani gidan talabijin ya je jin ta bakin ma'aikatan. Ana hira da ɗaya daga cikinsu, kyamara na haska takardun da ke manne a bayansa, waɗanda ke ɗauke da kalmomin sirrin shafukan gidan. Wannan tamkar mai shagon da aka yi wa sata jiya ne, ya sayo sabon kwaɗo ya garƙame ƙofa, sannan ya rataye makullin a jikinta.

Shekara guda bayan haka sai abin ya faɗo kan Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook. Aka shiga shafukansa na Twitter da Pinterest, masu kutsen kuma suka ce sun tsinci kalmar sirrinsa ne cikin bayanan LinkedIn da aka sace tun 2012. Kalmar, in ji su, ita ce "dadada". Kuskuren nasa biyu ne: kalmar ba ta da ƙarfi, sannan ya maimaita ta a wurare da dama. Shi kuwa kamfanin SolarWinds, wanda ta hanyar manhajarsa aka kutsa cikin ma'aikatun gwamnatin Amurka a 2020, an gano cewa wata na'urarsa ta taɓa zama da kalmar sirri "solarwinds123". Da aka kira shugabanninsa gaban majalisa a Fabrairun 2021, sai suka ɗora laifin a kan wani ɗalibi mai koyon aiki, kamfanin kuma ya ce ba ta nan aka shigo ba. 'Yar majalisa Katie Porter ta shaida musu cewa kalmar da take hana 'ya'yanta yawan kallon YouTube da ita ta fi tasu ƙarfi. Ta faɗi gaskiya. Kamfanin da ɗalibi zai sa irin wannan kalma ta zauna babu wanda ya lura, laifin na manya ne.

Kafin mu cika dariya, a tuna gwano ba ya jin warin jikinsa. A 2019 cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ta bi diddigin kalmomin sirrin da aka sace a faɗin duniya, ta tarar asusu miliyan 23.2 na amfani da "123456". Da ta juya kan sunayen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, Liverpool ce kan gaba da asusu kimanin 280,000, sai Chelsea da sama da 216,000, sai Arsenal da 179,000. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi ya san yadda matasanmu ke ji da waɗannan ƙungiyoyi. Wanda hoton shafinsa rigar Arsenal ce, laƙabinsa na ɗan wasan Arsenal ne, ba sai an yi duba ba kafin a san abin da ya sa a kalmar sirri.

Me ya sa masu hankali, har da gwamnoni da injiniyoyi, ke yin haka? Ba wauta ba ce. An ɗora wa ƙwaƙwalwar ɗan Adam kayan da suka fi ƙarfinta. A 2003 wani jami'in hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, mai suna Bill Burr ya rubuta shawarwarin da suka zama doka a ofisoshi da bankuna a ko'ina: a cuɗanya manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomi, a kuma riƙa sauyawa a kai a kai. Abin da ya biyo baya shi ne mutane suka riƙa ɗaukar kalma mai sauƙi, su mayar da harafin farko babba, su liƙa 1 a ƙarshe. In lokacin sauyi ya zo, 1 ta koma 2. Wanda ya kasa riƙewa kuma ya rubuta a takarda ya manna a gabansa. Masu kutse sun haddace duk waɗannan dabaru, na'urorinsu ma da su suke fara gwaji. A 2017, bayan ya yi ritaya, Burr ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta, a shekarar kuma hukumar ta sauya shawara. Yanzu abin da masana suka fi so shi ne tsawo. Cibiyar Birtaniya tana ba da shawarar a haɗa kalmomi uku da ba su da alaƙa da juna, domin suna da sauƙin tunawa ga mai su, suna da wahalar cinka ga baƙo. Na jinjina wa dattijon, don ba kowane ƙwararre ke fitowa ya ce shawararsa ta wahalar da jama'a ba.

Wani lokacin ma ba a bukatar cinka, tambaya kawai ake yi. A 2004 masu shirya wani taron tsaron bayanai suka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street da ke Landan, suna tambayar ma'aikata masu wucewa kalmar sirrinsu a bakin cakulan guda. Sama da kashi 70 cikin ɗari suka faɗa. Ta yiwu wasu ta ƙarya suka bayar suka wuce da alewarsu, amma hanyar ita ce wadda 'yan damfara ke bi har yau: murmushi, 'yar kyauta, da tambaya cikin ladabi.

Akwai kuma masu kurin cewa duk surutun banza ne. A 2007 hukumar haraji ta Birtaniya ta ɓatar da fayafayai biyu masu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25. Shahararren mai gabatar da shirin motoci, Jeremy Clarkson, ya rubuta a jarida cewa ana zuzuta abin ne kawai, ya kuma buga lambar asusunsa na banki don ya nuna babu abin da za a iya yi da ita sai dai a zuba masa kuɗi. Da ya duba takardar asusun, sai ya tarar wani ya shirya cirar fam 500 zuwa wata ƙungiyar taimakon masu ciwon sukari. Ya fito ya ce ya yi kuskure. A nan gida ba da lambar asusu don a turo kuɗi abu ne na yau da kullum. Inda haɗarin yake shi ne lambobin da ke jikin katin ATM, da lambar sirri, da lambobin da banki ke turowa a saƙo.

Su ma ɓarayin ba su tsira ba. A Fabrairun 2016 masu kutse suka shiga babban bankin Bangaladesh, suka aika umarni 35 na kwashe kusan dala biliyan ɗaya daga asusunsa da ke New York. Sun yi shiri na watanni, har na'urar da ke buga rasidin hada-hada suka gurgunta don kada ma'aikata su farga da wuri. Amma a umarnin tura dala miliyan 20 zuwa wata gidauniya a Siri Lanka, sai suka yi kuskuren rubuta sunan gidauniyar. Wani bankin Jamus da kuɗin suka biyo ta hannunsa ya tsaya neman bayani, aka riƙe kuɗin. Sai dai dala miliyan 81 sun riga sun sulale zuwa Filifin, gwamnan bankin kuma ya ajiye aiki a watan Maris. Labarin na da ban dariya a baki, amma dukiyar talakawan ƙasar ce ta tafi.

Mu ma muna da namu. Akwai mai miƙa wa mai POS kati yana faɗa masa lambar sirri da ƙarfi, layi na saurare. Akwai mai rubuta lambar a bayan katin, da mai sa shekarar haihuwarsa, da wadda mai gyaran waya ya buɗe mata Facebook shekaru biyar da suka wuce, har yau shi kaɗai ya san kalmar. Sannan ga mai kira da murya mai taushi: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka saboda matsalar BVN, karanto mini lambobin da aka turo maka yanzu." Ko a ce maka an sa ka a taron ƙungiya ta WhatsApp, ka turo lambobi shida da suka shigo wayarka. Kana turawa, shafin ya bar hannunka, a fara roƙon kuɗi wurin danginka da sunanka.

A nan ne nake so mu bambance wanda ya cancanci dariya. Kamfani mai biliyoyi da ya bar kalma irin ta yara, da hukumar da ta manna sirrinta a gaban kyamara, a yi musu dariya da kyau, domin kunya na sa su gyara. Amma dattijuwar da aka yaudara ta karanto lambobi, ko ɗan kasuwar da aka kwashe wa jari, in muka mayar da su abin tsokana a majalisa, na gaba da abin zai faɗa wa shiru zai yi. Shirun nan kuwa shi ɗan damfara ke so, don awannin farko ne banki ke da damar riƙe kuɗin kafin a rarraba su. Haka kuma bankuna da kamfanonin waya su sani, gargaɗin da suke turowa da dogon Turanci ba ya isa ga miliyoyin masu hulɗa da su. Su yi shi da Hausa, a rediyo, cikin raha irin ta wasan kwaikwayo da mutanenmu ke so.

Mai karatu, yau ɗin nan ka shiga saitin WhatsApp ɗinka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sauya lambar katinka in shekarar haihuwarka ce, sannan ka zauna da iyayenka ka gaya musu babu ma'aikacin bankin da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambobin da aka turo a saƙo. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya garzaya bankinsa nan take, kada ya tsaya jin kunyar kowa.