Shin Ko Kun San? Jami'ar da Ɗalibai Ke Kunna Injin Roka

Shin ko kun san a jihar Indiyana ta Amurka akwai jami'ar da ɗalibanta ke kunna injin roka na gaske don neman digiri? Jami'ar Purdue ke nan, wurin gwajin kuma ana ce masa Zucrow. An kafa shi a 1948, yana zaune kan fili eka 24 daura da filin jirgin saman jami'ar. Ya ci sunan Maurice Zucrow ne, malamin da ya yi digirin digirgir ɗinsa a Purdue a 1928.

Ko kun san wutar da ake nazari a kanta ita ce abu mafi ƙanƙanta a wurin? Sau da yawa tukunyar ƙonewar ba ta wuce abin da mutum zai rungume ba. Sauran duk tankuna ne da bututai da famfuna. Dalili kuwa, ana gwada injin jirgin sama ma a nan, kuma a cikinsa iska ba ta haɗuwa da mai sai an matse ta matsewa, ta yi zafi jau. Mai son ganin gaskiyar abin da ke faruwa dole ya kwaikwayi wannan a ƙasa: ya tara iska a tanki, ya bi da ita ta na'urar da ke ɗumama ta fiye da digiri 800, sannan ya sake ta. Zugazugin maƙeri ne dai, amma mai girman gida. Ana iya shafe kwanaki ana shiri, gwajin kansa daƙiƙoƙi ne.

In za a kunna, ba mai tsayawa kusa. Bangon ɗakin kankare ne mai kauri, mutane suna can wani ɗaki suna kallo ta kyamara. Da matsi ya wuce ƙa'ida, kwamfuta ta datse mai, ta busa iskar naitirojin ta wanke bututan. A ganina wannan tarbiyya ta kiyaye rai ta kai injin daraja.

To yaya ake auna zafin? Wutar roka kan haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa tun a 1,538. Duk abin da aka zura ciki ya tafi. Sai a huda taga a jikin tukunyar, a sa gilashi mai jure zafi, a harba hasken leza ta ciki. Yadda hasken ya sauya bayan ya ratsa wutar shi ke faɗin zafinta da gudunta da inda mai bai ƙone ba. Kyamarori na ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa guda.

Ko kun san wuta na iya yin kukan da zai tarwatsa inji? Ƙara da harshen wuta su riƙa zuga juna har ƙarfe ya tsage. Wannan cuta ta addabi injin F-1 na rokar Saturn V, har injiniyoyi suka koma tayar da ƙananan bama-bamai cikinsa yana aiki, don su ga ko wutar za ta koma daidai. Har yau ana bincike a kanta a Zucrow.

A 2009 masu binciken Purdue da na jami'ar Penn State suka harba ƙaramar roka da garin alminiyam da ƙanƙara kawai a matsayin mai. Ta tashi ƙafa 1,300.

Jami'ar Purdue ce kuma ta yaye Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata a 1969, da Eugene Cernan, na ƙarshen barinsa a 1972.