PostgreSQL 17: an daina auna buhu da tiya

Ranar 26 ga watan Satumba 2024 ne aka fito da zubi na 17 na PostgreSQL, ɗaya daga cikin manyan manhajojin rumbun bayanai da ake aiki da su kyauta a duniya. Cikin dogon jerin gyare-gyaren da suka zo da shi akwai wani ɗan layi da ido kan tsallake, wanda ya shafi yadda rumbun yake aika manyan bayanai ga wanda ya nema. Gyaran ƙarami ne a rubuce, amma ya warware wata ɗabi'a da manhajar ta daɗe a kanta.

Rumbun bayanai shi ne inda banki ko ma'aikata ko babban kanti ke ajiye lissafinsu cikin kwamfuta: sunayen ma'aikata, albashi, kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Na'urar da ke riƙe da shi, wadda ake kira uwar garke, tana zaune wuri guda, sauran kwamfutocin biro-biro suna aiko mata tambaya ta waya, tana mayar musu da amsa. Asalin PostgreSQL wani aikin bincike ne mai suna POSTGRES da Michael Stonebraker ya soma a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986. Sunan da aka san shi da shi yau ya samo shi a 1996. Ko a Nijar ba baƙo ba ne, tun da manhajar DHIS2 da ma'aikatar kiwon lafiya ke tattara alƙalummanta da ita a kansa take zaune, haka ma Odoo da wasu ƴan kasuwa ke riƙon lissafi da ita.

To, yaya amsar take fita? Uwar garke ba ta taɓa waya da kanta. Sai ta miƙa bayanan ga tsarin da ke tafiyar da na'urar, kamar Linux, shi kuma ya ɗora su kan hanya. Kowace miƙawa tana da tsada, domin dole manhajar ta dakata, tsarin ya karɓi ragama, ya gama, sa'an nan ya mayar mata. Da za a yi haka ga kowane ɗan guntun amsa, da na'urar ta ƙare ƙarfinta wajen kai da kawowa. Shi ya sa aka tanadi wani ɗan ma'ajin jira cikin ƙwaƙwalwar na'ura, mai cin okte 8192, wato kilo-okte 8 (okte guda kimanin harafi guda ne). Ana tara ƙananan saƙonni a cikinsa, sai ya cika ko amsa ta kammala a miƙa su gaba ɗaya.

Dabarar tana da kyau ga ƙananan abubuwa, kuma su ne mafi yawan aikin rumbu. Matsalar ita ce komai ta nan yake bi, ƙarami da babba. Mai karatun da ya san kasuwar hatsi ta Maraɗi ya ɗauka an kawo buhun gero ɗaure, kamiyo na tsaye a ƙofa, sai mai rumbu ya ce ba za a ɗora shi haka ba, sai an kwance shi, an auna tiya-tiya, kowace tiya ɗan dako ya kai ta mota ya dawo. Haka PostgreSQL yake yi kafin 2024. Layi guda mai nauyin mega-okte 1, misali takardar da aka ɗauki hotonta aka adana, sai an kwafe shi cikin ma'ajin gunduwa 128, an kuma ƙwanƙwasa wa tsarin na'ura ƙofa sau 128. Alhali gurbi guda a wanga rumbu yana iya ɗaukar abin da ya kai giga-okte 1. Hasarar kashi biyu ce: kwafin da ba shi da amfani, tun da bayanan suna nan shirye cikin ƙwaƙwalwa, da kuma yawan miƙawa.

Mai gaggawa zai ce a faɗaɗa ma'ajin kawai. Hakan yana rage yawan miƙawa, amma kwafin yana nan daram. Ga shi kuma PostgreSQL yana buɗe wa kowane mai haɗuwa da shi aikinsa na dabam, kowane da nasa ma'aji, saboda haka duk abin da aka ƙara sai a ninka shi da yawan masu haɗuwa, har da waɗanda ba su taɓa neman abin da ya wuce layi biyu ba.

Gyaran da Melih Mutlu ya rubuta, David Rowley ya shigar da shi cikin manhajar a watan Afrilu 2024, ya bi wata hanya. An bar ma'ajin yadda yake, aka ƙara sharaɗi guda: idan ma'ajin fanko ne, kuma abin da ya rage a aika ya kai kilo-okte 8 ko ya fi, to a miƙa shi kai tsaye daga inda yake. Sharaɗin fanko ɗin shi ne ƙashin bayan gyaran. Bayanai dole su isa bisa jerin da aka aiko su, kuma kowane saƙo yana da ɗan kai na okte 5, guda mai faɗin irin saƙon, huɗu masu faɗin tsawonsa. Wanga kai yana shiga ma'aji tukuna. Da jikin saƙon zai riga shi fita, da mai karɓa ya rikice sarai. Don haka sai a cika ma'ajin da farkon jikin, a aika, sa'an nan ragowar ta bi baya a dunƙule. A ƙa'ida, miƙawa 128 ta koma kamar biyu, ko da yake tsarin na'ura yana iya karɓar kayan kashi-kashi idan hanya ta cushe.

Masu manhajar sun bayyana cewa fitar da manyan layuka da umurnin COPY yana iya ninka saurinsa har sau biyu a zubi na 17. A lura da kalmar "har": iyakar riba ce, ba abin da kowa zai gani ba. Wanda rumbunsa ke cike da gajerun layuka, suna da lamba da kwanan wata, ba zai ji wani bambanci ba. Haka ma'aikacin da ke Tawa ko Damagaram yana jiran amsa daga Yamai ta layin intanet mai rauni: abin da ke riƙe shi layin ne, kuma gyaran bai ƙara wa layi faɗi ba. Inda ribar ke bayyana shi ne cikin ɗakin na'urori, wajen kwashe rumbu zuwa wata na'ura ko ɗaukar kwafin ajiya da dare, inda hanya ke da faɗi kuma uwar garke ce ke jan ƙafa. Ga ofishin da wutar lantarki ke iya ɗaukewa ana tsakar aiki, taƙaita lokacin kwafin ajiya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai gyaran ba ya zuwa da kansa. Ƙa'idar masu PostgreSQL ita ce tsofaffin zubi ba su samun sai gyaran kurakurai da na tsaro, saboda haka zubi na 16 da na bayansa suna nan kan tsohuwar hanya. Kowane zubi ana kula da shi shekara 5: na 13 ya fita daga kulawa a watan Nuwamba 2025, na 16 zai kai Nuwamba 2028, na 17 kuma Nuwamba 2029. Shugaban ma'aikatar da ke son sanin inda yake sai ya tambayi mai kula da na'urorinsa lambar zubin da suke kai. Idan 17 ne ko na 18 da ya fito a Satumba 2025, babu wani saiti da za a taɓa, gyaran yana aiki tun ranar da aka girka shi.