Ɗigon Kwantam: Yadda Ake Dafa Launi a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya taɓa zaɓen atamfa da dare a ƙarƙashin farin ƙwan LED ya san yadda jan launi kan dusashe. Dalili kuwa shi ne, asalin hasken ƙwan shuɗi ne. Ana shafa masa wani sinadari da ke mayar da sashen shuɗin zuwa ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari, amma jan da ke ciki kaɗan ne. Wannan giɓi ne masana ke son cikewa da abin da zan kira ɗigon kwantam, tun da ban ga wani suna da ya riga ya zauna a Hausa ba.

Shi wannan ɗigo ƙwayar ƙarau ce ta sinadarin da ke tsaka-tsaki wajen ɗaukar lantarki. Faɗinsa nanomita 2 zuwa 10 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Abin mamakin shi ne girmansa ke yanke launinsa: ƙarami ya ba da shuɗi, babba ya ba da ja, alhali sinadarin ɗaya ne.

Aleksey Yekimov ya gano haka cikin gilashi a Tarayyar Sobiyet a 1981, Louis Brus kuma cikin ruwa a Amurka a 1983. Amma Moungi Bawendi ne ya kyautata dahuwar a 1993, kuma su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2023. Dabararsa ita ce a zafafa ruwan narkarwa zuwa wajen digiri 300, a tsirta sinadaran kadmiyam da seleniyam ciki da sirinji farat ɗaya. Nan take ƙwayoyi su tsiro tare, zafin ya sauka, tsirowar ta tsaya. Sai a sake ɗaga wuta a hankali su yi girma bai ɗaya, a sauke idan launin da ake so ya fito. Daga nan akan lulluɓe su da ɓawon wani sinadari don kada haskensu ya salwanta.

Sony ya sa su a talabijin tun 2013, amma a fitilar gida tafiyar ba ta yi sauri ba. Zafin ƙwan da danshin iska na rage musu ƙarfi, sannan kadmiyam guba ne, har Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi. Shi ya sa Samsung ya koma ga ɗigon indiyam da fosfaras, ko da yake dafa shi ya fi wuya.