Yadda 'Yammatan Tamil Ke Koyon Rubuta Insha'i

Wannan mako za mu yi tafiya mai nisa, zuwa kudancin ƙasar Indiya, mu ga wata ɗawainiya da iyaye mata na can ke fama da ita kowace shekara. Idan watan Maris ya kama, 'yan aji 12 na jihar Tamil Nadu, watau ajin ƙarshe na sakandare, sukan zauna babbar jarrabawarsu. Cikin takardun da yawancinsu ke rubutawa akwai ta harshen Tamil, a cikinta kuwa akwai insha'i.

Tamil babban harshe ne, masu magana da shi sun haura miliyan 70. Ban da Indiya, harshen gwamnati ne a Siri Lanka da Singafo, akwai kuma makarantunsa a Maleshiya. A shekarar 2004 Gwamnatin Indiya ta sa shi cikin jerin harsunanta masu tsohon adabi, shi ne ma na farko da ya sami wannan matsayi.

Kada a ɗauka takardar Tamil abin wasa ce. Tun ƙarshen 2021 gwamnatin jihar ta ce mai neman aikinta ta hannun hukumar ɗaukar ma'aikata sai ya ci takardar Tamil, da maki 40 cikin ɗari aƙalla. A 2022 kuma ta fara ba da rupi 1,000 kowane wata ga yarinyar da ta yi aji 6 zuwa 12 a makarantar gwamnati, in ta wuce zuwa karatu na gaba. Ke nan ga 'yar talaka, alƙalamin nan shi ne guzurinta.

HARSHE ƊAYA, BAKI BIYU

Wata za ta ce, mene ne abin wahala ga yarinya ta rubuta harshen da ta sha a nono? To, ga inda gizo ke saƙar. Tamil ɗin da ake yi a gida da kasuwa dabam yake da na littafi. Wadda za ta ce "ina tafiya", a baki "poren" take cewa, amma a takarda sai ta rubuta "pokiren". Haka abin yake a kusan kowace jimla. In ta saki hannu ta rubuta yadda take hira da ƙawayenta, malami zai ja mata jan layi, maki ya zube.

Sa'an nan ga haruffa. Tamil na da wasula 12 da baƙaƙe 18. In aka auna kowane baƙi da kowane wasali sai a sami 216, a ƙara da wani harafi guda na musamman, jimla 247. Akwai "l" iri uku, "n" iri uku, "r" iri biyu, kunne kuwa ba kullum yake rarrabe su ba. "Malai" tsauni ne, "mazhai" ruwan sama. "Kal" dutse ne, amma in aka ja wasalin aka ce "kaal" ya zama ƙafa. Mu da muka san abin da ke tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "bata" da "ɓata", mun san irin ɓarnar da ƙugiya ɗaya ke yi. Don haka ake horon 'yan makaranta su rage 'yan mintoci a ƙarshe, su bi rubutunsu harafi-harafi kafin su miƙa.

A SA ƊIGO KAFIN A JA LAYI

Da Tamil, insha'i sunansa "katturai". Kalmomi biyu ne aka haɗa, "kattu" watau ɗauri ko gini, da "urai" watau zance. Zancen da aka ɗaure ke nan, ba wanda aka bari yana yawo kamar akuya ba turke ba.

Duk wadda ta san gidajen Tamilawa ta san "kolam". Da sassafe mace kan share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zana ado a ƙasa da garin shinkafa. A mafi yawan zanen ɗigo take fara jerawa, sa'an nan ta bi ta kewaye su da layi. In ɗigon ya karkace, zanen duka ya karkace. Haka insha'i yake. A makarantun jihar ana koya wa yara su fara jera kanun abin da za su faɗa a saman takarda, kafin su shiga bayani. Bayan haka sai kashi uku: "munnurai" gabatarwa, "porulurai" gundarin zance, "mudivurai" kammalawa. Kowane kai da sakin layinsa, ba a cusa magana biyu a tukunya ɗaya.

Mu ɗauki misali. A ce an ba yarinya "Ilmin mata". Mai ƙaramin shiri za ta cika shafi da cewa ilmi na da kyau, ilmi na da amfani, ilmi na da muhimmanci, magana ɗaya cikin riga uku. Wadda ta shirya kuwa za ta kawo Dokta Muthulakshmi Reddy, wadda aka haifa a Pudukkottai a 1886. Za ta faɗi yadda ta shiga kwalejin da maza kaɗai ke karatu, ta gama koyon likita a Madras a 1912, watau birnin da tun 1996 ake kira Chennai, ta kuma kafa asibitin masu ciwon daji a unguwar Adyar a 1954. Suna ɗaya da shekaru uku sun fi shafi biyu na yabo nauyi a wajen mai duba takarda.

AIBI GOMA

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, tun da daɗewa malaman Tamil suka lissafa cututtukan rubutu. Akwai littafin nahawu mai suna Nannul, wanda wani malami Pavanandi ya wallafa wajen ƙarni na 13, har gobe kuwa ana karanta shi. A cikinsa ya kawo aibi goma da ke ɓata talifi, da ado goma da ke gyara shi.

Ga ma'anar aibin a taƙaice. Akwai mai rowar bayani, ya faɗi rabi ya bar rabi. Akwai mai zuba fiye da kima. Akwai mai maimaita abin da ya riga ya faɗa, da mai faɗin abu a sama ya warware shi a ƙasa. Akwai mai sa kalmar da ba daidai ba, da mai rikita mai karatu, da mai jera kalmomi holoƙo ba ƙwaya. Akwai wanda aka tambaye shi gabas ya nufi yamma. Akwai wanda ya fara da ƙarfi, yana tafe yana sanyi har ya mutu a hanya. Na ƙarshe shi ne rubutun da aka gama karantawa ba a ƙaru da kome ba.

Na tara ɗin nan shi ya fi kama 'yan jarrabawa. Yarinya ta ɓata rabin lokacinta tana ƙawata gabatarwa, kafin ta ankara an ce saura minti biyar, sai ta rufe da layi ɗaya a guje. Maganinsa shi ne a raba lokaci tun kafin a ɗora alƙalami.

Adon kuwa, a kan gaba akwai taƙaitawa da fayyacewa. Cikin sauran akwai jera magana bisa tsari, da daɗin ji a kunne, da kawo misali mai haske.

GISHIRI, BA TUWO BA

Ba a cika ganin insha'in Tamil mai kyau ba tare da an ɗan yafa masa maganar magabata ba. Wanda aka fi ɗebowa shi ne Tirukkural na Tiruvalluvar, mai baiti 1,330 cikin babi 133, kowane baiti layi biyu rak. Akwai kuma Avvaiyar, mace mai hikima, wadda gajerun nasihohinta ke cikin abin da yara ke fara haddacewa. Musulmin Tamil su ma suna da nasu, Umaru Pulavar na ƙarni na 17, wanda ya tsara tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin waƙa mai suna Sirappuranam.

Sai dai baiti gishiri ne. Ɗaya ko biyu a inda suka dace sun isa. Wadda ta jera biyar don a ce ta yi hadda, ba ta bayyana abin da ya haɗa su da zancenta ba, ta faɗa cikin aibin da Pavanandi ya hana. Haka nan wadda ta haddace insha'i sukutum daga littattafan taimako da ake sayarwa a kasuwa. Ran da aka ɗan juya tambayar, sai ta zauna tana kallon rufi.

Akwai kuma zaɓen kalma. A 1916 wani malami, Maraimalai Adigal, ya ɗaura niyyar rubuta Tamil ba tare da aron kalmomin Sanskrit ba, har sunansa na da ya canja. 'Yarsa Nilambikai ta tsaya tare da shi, daga baya ma ta tsara ƙamus mai nuna kalmar Tamil da za ta maye gurbin ta aro. Yau Turanci ne ya cika bakin samari da 'yammata. A titi kowa "bas" yake cewa, amma a insha'i "perundu" ake so, kwamfuta kuwa "kanini". Ɗaliba mai hankali takan ajiye ɗan littafi tana tara irin waɗannan kalmomi daga jarida da labarun rediyo.

RABON UWA

To, ina rabon uwa a nan, musamman wadda ba ta yi zurfi a karatu ba? Rabonta babba ne. Cikin aibi goman nan, yawancinsu kunne na kama su. Uwa tana tsince shinkafa, 'yarta na karanta mata abin da ta rubuta. In ta ji an maimaita magana, ta ce, "Ai kin faɗi wannan ɗazu." In ta ji an bar hanya, ta ce, "Me aka tambaye ki?" In an gama ba ta gane inda aka dosa ba, lalle malami ma ba zai gane ba.

Abu na biyu shi ne lokaci. A can ma, kamar ko'ina, aikin gida ya fi sauka a kan 'ya mace. Hannu kuwa ba ya faɗawa da karatu kaɗai, sai da yi. Insha'i ɗaya a mako, da agogo a gabanta, tun daga farkon shekara, ya fi goma da za a rubuta a daren jarrabawa. Uwar da ta ɗauke wa 'yarta wanke-wanke na awa ɗaya don wannan, ta yi mata abin da malamin kuɗi ba zai yi ba.

'Yan'uwa, mu ma muna da 'ya'yan da ke rubuta insha'i da Hausa a jarrabawar ƙarshen sakandare, sau da yawa kuwa mukan ce ai harshensu ne, ba sai sun yi shiri ba. Yau da dare ki kira taki, ki ce ta karanta miki abin da ta rubuta a makaranta, ki kasa kunne da kyau. Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.