Guzurin Matan da Za Su Ƙetare Iyaka Don Karantarwa

'Yan'uwa mata, tafiyar neman ilmi da yaɗa shi ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Nana Asma'u, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, ita kuwa ta jagoranci matan ƙauyensu su zo ɗaukar karatu, su koma su koya wa na gida.

To, in ƙungiyarku ta tashi daga Wurno, Rabah ko Goronyo za ta karantarwa Nijar, ku yi koyi da su. Ku zaɓi dattijuwa guda wadda kowa zai ji maganarta. Kowace ta nemi iznin maigida ko iyaye, ta riƙe fasfo da katin allurar shawara, don akan tambaye su a iyakar Illela da Ƙonni. Ku canja kuɗinku zuwa sefa tun da wuri. Ku yi sammako, kada dare ya riske ku a hanya.

Ku tafi da gidan sauro, da tabarma, da garin kunu, kada ku zama nauyi ga mai masauki. In kun sauka, ku fara gaida mai gari da malamansa. Abin da aka kawo muku ku ci, kada ku kushe. Baƙuwar da ta raina tuwon gida, wa zai saurari wa'azinta?

Allah ya kai ku lafiya, amin.