Su Wa Kwamfutarka Ta Yarda da Su?

Duk lokacin da ka buɗe shafin bankinka a intanet, shafin yakan miƙa wa kwamfutarka takardar shaida mai ɗauke da sunansa, da ranar ƙarewar wa'adinta, da sa hannun hukumar da ta bayar da ita. Kwamfutar ba ta san bankin ba, hukumar ta sani. Tun kafin ka saye ta aka ɗora mata jerin hukumomin da za ta karɓi sa hannunsu, irin su DigiCert da GlobalSign. Duk wanda ya samu shiga jerin nan, in ya tsaya wa shafi, magana ta ƙare.

Leƙa jerin ba wuya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta certmgr.msc, ka shiga babban fayil mai suna Trusted Root Certification Authorities. Danna kowace takarda sau biyu, za ka ga wanda ya bayar da ita da lokacin ƙarewarta. Wannan jerin na asusunka na Windows ne. Na kwamfutar gaba ɗaya yana certlm.msc. Masu Mac su buɗe Keychain Access. Firefox kuwa nasa jerin daban ne, yana cikin saitinsa.

Me zai sa mutum ya damu? A Fabrairun 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutoci ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ta cusa takardarta cikin jerin domin ta riƙa buɗe bayanan da aka kulle tana saka talla. Babban abin takaicin shi ne mabuɗin sirrin da take sa hannu da shi iri ɗaya ne a kan dukkan kwamfutocin, kuma nan da nan masana suka ciro shi. Wanda ya riƙe shi zai iya ƙirƙirar shafin banki na bogi, kwamfutar ta karɓa ba gargaɗi. Haka kuma, a 2019 gwamnatin Kazakistan ta umarci jama'arta su ɗora tata takardar, sai Google da Mozilla da Apple suka toshe ta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda da yawanmu kwamfutar hannu muke saya, wasu ma daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Manyan kamfanoni sukan ɗora takardarsu don sa ido kan ma'aikata, kuma ba kowane dillali ke goge na'ura kafin ya sayar ba. In ka ga sunan da bai yi kama da na hukumar shaida ba, ka bincika shi, amma kada ka hau gogewa barkatai, domin wasu takardun Windows kansa ke dogaro da su. Shawarata ga mai sayen ta hannu, ya sa a sake mata Windows daga tushe kafin ya shiga asusun bankinsa da ita.