Sunan Da Ke Ƙofar Kwalejin Daura

Uwargida, in ɗanki ko 'yarki na karatu a kwalejin koyon shari'a ta Daura, kin saba jin sunan Yusufu Bala Usman. To, kin san ko wane ne mai sunan?

Ba haifaffen Daura ba ne. A Musawa aka haife shi a 1945. Ya yi karatu a Jami'ar Lankasta ta Ingila, sannan ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, har zuwa rasuwarsa a watan Satumba, 2005. Allah ya jiƙansa.

Babban aikinsa shi ne littafin tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Bai tsaya ga rubuce-rubucen Turawa kaɗai ba. Ya bi garuruwa yana zama gaban dattawa, yana rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, sannan ya auna maganar wannan da ta wancan kafin ya yarda. A 1987 kuma ya fitar da littafi kan yadda masu neman mulki ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa, maganar da har yau ba ta tsufa ba.

Nan ne abin ya shafe ki, 'yar uwa. Tsohuwar nan ta gidanku mai labarin Daurama da rijiyar Kusugu, wadda yara ke bari su tafi kallo, irin bakinta manazarta ke nema. Ki ba 'yarki biro da littafi ta zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, tun tana da ƙarfin magana.